Motar Ɗan Fari

Kafin kuɗin mai su ɓarke a ƙasar nan, mota ɗaya ce tak a lungunsu Malam Sada da ke Ƙofar Marusa, kuma tasa ce. Tsohuwa ce tun ranar da ya saye ta a hannun wani malamin asibiti, launinta kuwa ba a ce kore ba, ba a ce toka-toka ba. Amma mota mota ce. Mace ta fara naƙuda, a buga wa Sada ƙofa. Za a kai amarya, a aiko masa da goro. Tsoho ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, a ce maza a kira Malam Sada. Yakan fito yana gunaguni, wai shi akawu ne a ofishin ilimi, ba direban unguwa ba. Ƙarya yake yi. Daɗin abin yake ji har cikin ransa.

Mutum ɗaya ce a duk unguwar ba ta taɓa sa ƙafa cikin motar nan ba, ita ce Inna, uwar da ta haife shi.

Ba faɗa suka yi ba. Sada ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan nan ne na da, masu kunyar ɗan fari kamar su nutse. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ko da wasa. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan". In ya je gaishe ta ya durƙusa, sai ta amsa tana kallon bango ko tana gyara ɗankwali. Ranar da ciwon ƙafa ya tsananta mata, ya kawo mota har bakin zaure, ta ce ita ba ta shiga, ta dogara sanda ta tafi asibiti da ƙafarta. Mutane suka yi ta yabonta, wai ga mace mai kara. Sada ma ya san al'ada ce. Sai dai sanin sunan ciwo ba ya hana shi yin zafi.

Ya daure da wannan shekara da shekaru, domin babu wanda zai gwada kansa da shi. Ƙanensa Almu, autan Inna, awon gero yake yi a Babbar Kasuwa, abin hawansa kuwa keke ne mai kukan sarƙa. Inna ta kira shi "Auta" ta ƙara, ta ajiye masa ƙanzo, ta yi masa faɗa, ta yi masa dariya. Sada yakan ce a ransa, to, kai ka riƙe ƙanzo, ni na riƙe mota.

Sai duniya ta juya. Gwamnati ta shiga buɗe makarantun kwana, ana neman masu kai hatsi. Sada ne da ƙafarsa ya kai Almu gaban mai ba da kwangilar, ya ce ƙanensa ne, a taimaka masa. Aka kuwa taimaka. Kafin a ce kwabo, mai awo da mudu ya koma mai lodin buhuna a manyan motoci. A shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, Sada ya yi wa tsohuwar motarsa sabon fenti yana jin ya kai. A satin nan Almu ya shigo lungu da Fijo fara fat, kujerunta ko leda ba a cire ba.

Unguwa ta taru ana Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Sada ma ya je, ya shafa murfin injin, ya ce, "Madalla, madalla." Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Yana tsaye nan aka fito da Inna, Almu ya buɗe mata ƙofa, ta shige ta zauna daram kamar a ciki aka haife ta, aka zagaya da ita har Ƙofar Ƙaura aka dawo. Ranar Sada bai ci tuwon dare ba. Kishi ne, ba wani abu ba, kishin ƙanensa da ya goya a bayansa.

Daga nan bugun ƙofa ya ɗauke. Masu naƙuda da masu amarya duk suka koma ƙofar Almu, domin wa zai shiga motar da sai an tura alhali ga wadda ake taɓawa ta tashi? Yaran lungu ma suka laƙaba wa tasa suna, Sai-an-tura. Mutumin da ke kukan an dame shi sai ga shi yana zama a dakali da yamma, makulli a aljihu, yana jiran wanda zai dame shi.

Da lokacin aikin hajji ya matso, Almu ya biya wa Inna kujerar Makka. Nan ma aka yi ta sa masa albarka har kunnen Sada ya gaji. Ranar tafiya a Fijo aka kai ta filin jirgi na Kano. Da 'yan rakiya suka dawo, Sada ya tsaya a tsakar gidansa ya ce wa matarsa Asabe, "Shi ya kai ta. Ni zan ɗauko ta. Cikin motar ga tawa za ta shigo Ƙohwar Marusa, kowa shi gani."

Asabe ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ta dube shi. "Malam, Innar da ko asibiti ba ta yarda ka kai ta ba?"

"Wanda ya dawo daga Makka sabon mutum ne," in ji shi.

Kowa a Katsina ya san yadda ake taryar alhaji. A jero motoci ana busa oda tun daga bakin gari, mata su fito ƙofar gida, yara su bi da gudu, ido duka a kan ƙofar da za a buɗe. Motar da alhaji ya fito daga cikinta ita ake tunawa. Abin da Sada ke so ke nan, sau ɗaya tak a rayuwarsa.

Ya kai motar garejin Bulus, wani bakanike mutumin Filato wanda ya san cikinta fiye da yadda ya san cikin ɗakinsa. Bulus ya saurari injin, ya goge hannu da tsumma, ya girgiza kai.

"Malam Sada, gaskiya ɗaya ce. Motar nan ta gaji. In daga gida zuwa ofis ne, za ta lallaɓa. Amma Kano, zuwa da dawowa? Ka tausaya mata."

"Ni gyara na ce ka yi, ba wa'azi ba."

Aka fara da lagireto, wato tankin ruwan injin, mai yoyo. Ana gama shi batir ya mutu. Ana cikin haka katangar bayan gida, wadda ruwan ƙarshen damina ya jiƙe tun tuni, ta ga ba ta da lokacin faɗuwa sai yanzu, ta kwanta a kan akurkin kajin maƙwabci. Sai da aka biya magina, aka biya kaji. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: aka aiko daga makarantar kwana cewa 'yarsa Hauwa'u ba lafiya, a zo da kuɗin magani. Ga albashi ana yankar bashin motar tun kafin ya iso hannu, ga kasuwa ta haukace tun da 'yan tireda suka ji an yi wa ma'aikata ƙari. Abin da ya rage a aljihun Sada ko tayar gaba ba zai saya ba, tayoyin kuwa sun suɗe kamar ƙoƙon kai.

Keken ɗinkin Asabe ne ya fara tafiya. Ya ce mata aro ne, jingina kawai zai bayar, da an yi albashi ya dawo. Ta kwashe zarenta da almakashinta ta zuba a kwano. Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Sai Bulus ya buɗe injin ya ce akwai wasu ƙarafa a ciki da dole a sake su, kuma sai an aika Kano. Sada ya dawo gida ya tsaya a gaban ragon da ya kiwata tun farkon damina don layya, fari mai baƙin wuya, wanda yara suka saba ba shi ɓawon wake a hannu. Washegari da sassafe ya ja shi kasuwa ta bayan gari, don kada a gani.

Ai kuwa an gani. Ranar Babbar Sallah kowace ƙofa ta kafa tarenin nama ana gashi, ƙamshi ya cika lungu, ƙofar Malam Sada ce kaɗai wayam sai mota a fake. A ƙofar Almu raguna biyu ke rataye. Da azahar sai ga cinya guda an aiko a faranti, wai a kai wa Yaya. Asabe ta soya, yara suka ci har suna lashe yatsu. Sada ya ce cikinsa ne ba daɗi. Ya zauna a zaure da yunwarsa, yana jin ƙamshin naman ƙanensa yana fitowa daga madafin gidansa.

Da yamma Almu ya shigo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aka ji da hidimar salla. Sannan ya sassauta murya.

"Yaya, na ji labarin ragon ga. Don Allah ka bar wahalar da kanka. Mu tahi da tawa mu ɗauko Inna, in kana so ma kai ka tuƙa. Tawa ai taka ce."

"Ina da mota," in ji Sada.

"To bari in biya Bulus abin da ya rage."

"Na ce maka ina bara ne?"

Almu ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Abin haushin ke nan. Da yaron mugu ne, mai ɗaga hanci, da ƙinsa ya zo da sauƙi. Sai ga shi da ladabi kamar ya kwanta a taka, ga kuɗi, ga Inna.

Da aka fara jin alhazai na dawowa, Bulus ya miƙa masa makulli tare da gargaɗi. "Kada ka matsa mata. A hankali, a hankali. Duk garin da ka isa ka tsaya ta huce, ka duba ruwa. In ka bi ta da lallami za ta kai ka ta dawo da kai."

Ta kuwa kai shi. Shi da Asabe a Sai-an-tura, Almu a Fijo yana binsu a baya don girmamawa, abin da ya ƙara ƙular da Sada. A filin jirgi suka tarar da duniya ta taru, domin ba wanda ya san jirgin da nasa zai biyo. Suka kwana suka wuni ana leƙe. Can da hantsi sai ga Inna cikin farin mayafi, ta ɗan rame, haƙorin Makka na walƙiya a bakinta.

Ta kama hannun Almu da hannu biyu. "Auta! Mi ya same ka ka rame haka? Ba ka cin abinci ne?"

Sada ya durƙusa. "Inna, sannu da hanya. An dawo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji ta, tana kallon wani ɗan dako.

Ya riga ya kawo motarsa gaba, ya wanke ta, ya shimfiɗa sabon bargo a kujerar baya. Ya tashi ya buɗe ƙofar ya riƙe. Inna ta zo daidai wurin, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, ta wuce ta shiga Fijo. 'Yan dako kuwa da suka ga ƙofa a buɗe, sai suka ɗauka ta kaya ce. Suka danna dardumai da akwatuna da wata ƙatuwar rediyo a kan sabon bargon.

Wannan fa shi ne an yi ba a yi ba. Rago ya tafi, keke ya tafi, ga shi ya zama direban kaya. Suka kama hanyar Katsina, wannan karon Almu a gaba. Ta gilashin bayan Fijo Sada na hango farin mayafin, wani lokaci ya ga kanta ya karkata wajen Almu, alamar hira ake. Me suke cewa? Wace dariya ce wannan da ba a taɓa yi da shi ba? Aka wuce Bichi bai tsaya ba. A Kankiya Asabe ta tuna masa da maganar ruwa, ya ce mata ita ce bakaniken?

Da suka wuce Caranci sai shaiɗan ya raɗa masa wata shawara. In ba ta shiga tasa ba, to aƙalla shi zai fara shiga gari, shi zai fara busa oda, a san ɗan fari ne ya jawo ayari. Ya taka totur har ƙasa. Tsohuwar motar ta yi gurnani, ta yi rawar jiki, ta daddage ta wuce Fijo. Sada ya ji wani sanyi a ransa da ya daɗe bai ji ba. Bai yi nisa da shi ba. Wata ƙara ta tashi a cikin injin kamar ana dakan ƙarfe a turmi, hayaƙi ya turnuƙe, motar ta gangara gefen hanya ta yi tsit. Injin ya buga.

Almu ya tsaya a bayansu ya fito da gudu yana salati. Sada na tsaye gaban motar, ko murfin bai buɗe ba, ya san babu abin gani. Asabe ce haƙurinta ya ƙare. Ta manta surukarta na zaune a ɗayar motar da gilashi a sauke, ta fashe.

"Shi ke nan! Ga ragon layya, ga kekena, duk sun ƙone a nan. Ɗiyanka sun yi salla da naman aro, duk don Inna ta shiga motar ga sau ɗaya. To ga ta nan, sai ka ci!"

Sai da maganar ta fita ta tuna, ta toshe baki da mayafi. Sada ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Almu ya yi kamar bai ji ba. Ya ciro igiyar ɗaure buhuna daga but ɗinsa, ya duƙa da babbar rigarsa ya ɗaura Sai-an-tura a bayan Fijo. "Yaya, ka riƙe sitiyari da birki kawai. Gida ya kusa."

A igiya. A igiyar Almu zai shiga Ƙofar Marusa, kamar akuyar da aka sayo. Sada ya shiga ya zauna, ya rasa ma ƙarfin da zai ƙi.

Sai aka ji ƙofar Fijo ta buɗe. Inna ta sauko a hankali tana yamutsa fuska.

"Auta, warin ledar motar ga taka na hawa mani kai. Jiri nike ji."

"Inna, tun yaushe? Ai kullum..."

"Na ce jiri nike ji. Ke Asabe, koma can."

Ta zagayo ta buɗe ƙofar baya da kanta, ta ture darduma, ta matsa rediyo, ta samu ɗan wuri a bayan kujerar direba ta zauna. Ba ta dubi kowa ba.

Igiya ta miƙe, suka tafi. Babu ƙarar inji, sai kukan tayoyi da ƙugin ƙarafa. Sada ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya saci kallon madubi, ya ga ta juya fuska waje tana kallon karan dawa a gonaki. Sun yi tafiya mai nisa a haka. Har an fara hango gari sannan ta yi magana, kuma da tagar take yi, ba da shi ba.

"Can wurin ɗawahi mutane kamar ƙasa. Na duba dama, na duba hagu, babu ɗan Katsina ko ɗaya kusa da ni." Ta gyara mayafi. "Sai na hwaɗi sunan. Da bakina, da ƙarhi. Kowane zagaye da shi na hwara."

Ba ta kuma faɗi sunan ba.

Hanya ta dushe a idon Sada. Ga shi hannu biyu na kan sitiyari, ga igiya na sassautawa sai ya taka birki, babu halin share fuska. Haka ya bar hawayen suka gangara cikin gemunsa, mutum mai furfura a gefen kai, yana bin bayan motar ƙanensa.

Almu ya fara busa oda tun daga bakin gari. Kafin su kai lungu mata sun cika ƙofofi ana guɗa, yara na ihun Hajiya ta dawo. Aka yi caa a kan Fijo, aka buɗe ƙofa, sai ga Asabe tana sunne kai. Jama'a suka yi turus, suka bi igiya da kallo har zuwa matacciyar motar da ke baya. Wasu suka fara dariya. Wani dattijo ya ce kai, Fijo akwai ƙarfi, dubi yadda ta jawo wannan gawa. Sada ya ji maganar, ta kuma sosa shi, ba a ce ba ta sosa ba. Amma ya fito, ya zagayo, ya buɗe ƙofar baya ya riƙe.

Inna ta sako ƙafa a gaban duk Ƙofar Marusa. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar da ke wajensa, mata suka rufe ta da oyoyo. Har ta kai bakin zaure sannan ta tsaya, ta ce da wata maƙwabciya, ba tare da ta waiwayo ba, "Ku ba wancan ruwa, ya sha rana."

Aka kawo masa a moɗa. Ruwan randa ne kawai, ya tsaya nan jikin motarsa ya shanye tas.